Ranjitsinhji, ɗan Indiyan da ya buga wa Ingila wasan kurket har ya samu gadon sarauta

Babbar gasar kurket ta cikin gida a ƙasar Indiya tana ɗauke da sunansa tun shekarar 1934. Amma mutumin bai taɓa buga wa Indiya wasa ba ko sau ɗaya. Turawan da suke mulkin ƙasarsa ya buga wa, kuma da sunan da ya yi a filayensu ya karɓo sarautar da aka yi masa alkawari yana yaro, aka kuma janye.

Ranar Asabar 18 ga watan Yuli na 1896, a birnin Manchester, ƙungiyar kurket ta Ingila tana cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi a hannun ƴan Ostireliya. Filin sunansa Old Trafford, amma ba wanda masu kallon ƙwallon ƙafa suka sani ba ne: wannan na kurket ne, yana kusa da wancan, ya kuma girme shi nesa ba kusa ba. Da safiyar ranar wani siririn saurayi ɗan shekara 23 ya fito da sandarsa, yana da maki 41 da ya kwana da su. Kafin a tashi cin abincin rana ya kai 154, abokan wasansa duk an fitar da su ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai ya rage a tsaye. Ingila ta sha kashi duk da haka. Sai dai washegari ba maganar kashin ake yi ba, maganar saurayin ake yi, Kumar Shri Ranjitsinhji, wanda Turawa suka gajarta wa suna zuwa Ranji don harshensu ya kasa. Shi ne ɗan Indiya na farko da ya buga wasan ƙasa da ƙasa na kurket.

A ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka wasan kurket baƙo ne, don haka sai an ɗan fayyace shi. Ingilishi ne suka ƙirƙiro shi, suka yaɗa shi duk inda tutarsu ta sauka: Ostireliya, Indiya, Afirka ta Kudu, tsibiran Karibiyan, har da Najeriya. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani zirin ƙasa mai tsawon mita 20, an kafa turaku uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa yana tahowa a guje ya wurgo ƙwallon fata mai tauri, nauyinta kamar giram 160, da nufin ya ture turakun. Mai bugu yana tsaye gabansu da faffaɗar sanda ta icce, yana kare su, yana kuma kora ƙwallon nesa don ya samu damar gudu tsakanin turakun nan da waɗancan. Kowane gudu maki ɗaya ne. Idan ƙwallo ta ture turaku, ko wani ya cafe ta a sama, an fitar da shi, sai na bayansa ya shigo. Wanda ya tara maki 100 kafin a fitar da shi ya yi babban abu. Wasan ƙasa da ƙasa, wanda ake kira Tes, an fara shi a Melbourne a 1877, kuma a zamanin Ranji kwana uku ake yi ana buga shi a Ingila.

Yaron da aka ɗauko don gado

An haife shi ranar 10 ga Satumba 1872 a ƙauyen Sadodar, cikin masarautar Nawanagar, a yankin Kathiawar na yammacin Indiya, wanda a yau yake cikin jihar Gujarat. Mahaifinsa Jiwansinhji manomi ne. Amma gidan yana da jinin sarauta: ƴan Jadeja ne, wani reshe na Rajput, kuma kakansa Jhalamsinhji ɗan uwan sarki ne. Sarkin Nawanagar ana ce masa Jam Sahib, kuma mai riƙe da sarautar a lokacin shi ne Vibhaji.

Indiya ta wancan zamani kashi biyu ce. Akwai lardunan da Ingilishi suke mulka kai tsaye, akwai kuma masarautu sama da 500 da aka bar wa sarakunansu, da sharaɗin cewa Bature ne yake da ta cewa a kan harkar waje, kuma ba wanda zai hau gado sai ya sa hannu. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya ɗaure rayuwar Ranji gaba ɗaya.

Vibhaji yana da ɗa, Kalubha, amma ya tsige shi daga jiran gado bayan an zarge shi da ƙulla wa uban makirci. Sai ya nemi magaji a gidan Jhalamsinhji. Wanda aka fara ɗauka bai yi wata shida ba ya mutu, kuma an yi ta raɗe-raɗin cewa guba aka ba shi. A 1878 ido ya faɗa kan Ranjitsinhji, yana ɗan shekara shida. Don gudun kada a maimaita, ba a ajiye shi a fada ba. An kai shi lakwal ɗin ƴaƴan sarakuna ta Rajkumar a garin Rajkot, irin makarantun da masu mulkin mallaka suke buɗewa don su tarbiyyantar da sarakunan gobe yadda suke so. Faransawa ma sun yi tasu a Saint-Louis ta Senegal. Shugaban makarantar, Chester Macnaghten, tsohon ɗalibin Kambirij ne, mai ganin cewa kurket tana gyara hali. A wurinsa yaron ya fara riƙe sanda.

Ana cikin haka, a 1882, ɗaya daga cikin matan fada ta haifa wa Vibhaji ɗa namiji, aka sa masa suna Jaswantsinhji. Uba ya ga nasa na cikinsa, ya nemi a mai da shi magaji, kuma a watan Oktoba na 1884 gwamnatin Ingilishi ta amince. Ranji yana da shekara 12 aka ce ya koma gefe. An bar masa ɗan kuɗin kashewa da na karatu, shi ke nan. Daga baya magoya bayansa sun yi ta cewa an riga an yi bikin ɗaukarsa ɗa a hukumance, sun kuma yi ta shakkar asalin yaron da aka haifa. Masu binciken da suka duba takardun zamanin sun nuna cewa ɗaukar ba ta taɓa cika ƙa'ida ba. Shi dai bai taɓa yarda da cewa maganar ta mutu ba.

A watan Maris na 1888 Macnaghten ya tafi da shi Landan tare da wasu ɗalibai biyu. A wannan shekarar ce kuma wani saurayi ɗan yankinsu, wanda ya girma a Rajkot, ya sauka Ingila karatun lauya, yana ɗauke da takardun gabatarwa guda huɗu, ɗaya daga ciki zuwa ga Ranjitsinhji. Sunansa Mohandas Gandhi. Hanyarsu ta rabu tun daga nan, ɗaya ya ƙare yana yaƙar daular Ingilishi, ɗaya ya ƙare yana kare ta.

Ƙafar da aka ɗaure

A Kambirij an sauke shi gidan wani limamin coci, Louis Borrisow. Karatu bai dame shi ba. Bai samu digiri ba, karatun lauyan da aka sa ran zai yi ma bai je ko'ina ba. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne harbi, kamun kifi, tanis da kurket, sai kuma kyauta ta ban mamaki da yake yi wa abokai da kuɗin da bai da su. Ɗalibai sun laƙaba masa sunan Smith don sun gaji da ƙoƙarin furta nasa. Daga baya jaridu suka soma kiransa Yarima, shi kuma bai gyara musu ba, ko da yake a takarda ba shi da wannan matsayi.

A farko ba gwani ba ne. Yana da wani aibi da masu koyar da wasan suka tsana: idan ƙwallo ta taho da ƙarfi wajen jikinsa sai ya ja da baya. Wani ƙwararren mai jifa, Dan Hayward, ya ɗaure masa ƙafar dama a ƙasa a wajen atisaye don ya hana shi motsawa. Da ya rasa hanyar gudu, sai ya riƙa gitta ƙafar hagu, ya murɗa wuyan hannu a daidai lokacin da ƙwallo ta iso, ya goce da ita ta bayan ƙafafunsa, ta tafi da ƙarfin da mai jifa ya sa mata. Maganin da aka yi wa tsoro ya haifar da sabon bugu.

Sai an san yadda ake wasan a lokacin za a gane girman abin. Tarbiyyar makarantun Ingila ita ce mai bugu ya tako gaba, sanda a miƙe, ya kora ƙwallo ta gabansa ko ta ɓangaren da fuskarsa take kallo. Kora ta bayan ƙafa ana ɗaukarsa kamar rashin ladabi, har kyaftin-kyaftin ba su cika ajiye masu tsaro a wannan gefe ba. Ranji ya mai da wannan fili da aka bari fayau gonarsa. Ya kuma nuna cewa ana iya tsayawa a baya, a jira ƙwallo har ta kusa, sannan a buge ta, muddin ido yana da kaifi kuma hannu yana da sauri. Marubutan Ingila na zamanin sun fi son su danganta abin da sihirin Gabas, kamar dai wani boka ne ya sauko musu. Bayanin ya fi wannan sauƙi. Mutum ne da yake ɗaukar hayar manyan masu jifa, ya tsaya gabansu sa'o'i, har cikin sanyin hunturu, yana maimaita abu ɗaya.

Kyaftin ɗin ƙungiyar jami'a, Stanley Jackson, bai ɗauke shi ba a 1892. A hunturun shekarar Jackson ya je Indiya wasa, ya ga da idonsa cewa ƴan ƙasar sun iya, ya dawo da wani ra'ayi dabam. A 1893 Ranji ya shiga ƙungiyar, ya buga wasan shekara-shekara da Oxford, ya zama ɗan Indiya na farko da ya samu wannan girma a kurket. A 1895 ya koma ƙungiyar lardin Sussex, a kudancin Ingila. Wasansa na farko, a filin Lord's na Landan, ya ci 77 ba a fitar da shi ba, a zagaye na biyu ya ci 150.

A nan siyasa ta shigo. A 1896 ƴan Ostireliya sun zo, kuma jama'a suna ganin babu yadda za a yi a haɗa ƙungiyar Ingila ba Ranji. A lokacin babu kwamitin zaɓe na ƙasa, masu filin da za a yi wasan su ne suke zaɓen ƴan wasa. Wasan farko a Lord's ne, hannun kulob ɗin MCC, wanda babban jigonsa, Lord Harris, bai daɗe da sauka daga kujerar gwamnan Bombai ba. Harris ya ƙi. Hujjarsa ita ce wanda ba a haifa a Ingila ba, mai wucewa ne, bai kamata ya wakilce ta ba. Shi kansa Harris a tsibirin Trinidad aka haife shi, kuma ya yi wa Ingila kyaftin. Ba sai an yi dogon nazari ba kafin a gane cewa ba wurin haihuwa ne matsalar ba.

Mutanen Manchester ba su bi shi ba. Suka gayyaci Ranji wasa na biyu. Ya ce zai buga idan ƴan Ostireliya ba su da ja, kyaftin ɗinsu Harry Trott ya ce ba su da shi. Ya ci 62 a zagayen farko, sannan 154 ɗin nan. Kafin shi, W. G. Grace kaɗai, babban gwarzon kurket na Ingila, ya taɓa ci wa ƙasar ɗari a wasansa na farko. A ƙarshen kakar Ranji yana da maki 2,780, ya karya tarihin 2,739 da Grace ya kafa tun 1871. A cikin watan Agusta, a garin Hove, ya ci ɗari sau biyu a yini ɗaya a kan ƙungiyar Yorkshire.

Daga nan shekaru kusan takwas nasa ne. A 1897 ya fitar da littafin koyar da kurket don bikin cikar Sarauniya Biktoriya shekara 60 a gado, da taimakon abokinsa C. B. Fry. A ƙarshen shekarar ya bi ƙungiyar Ingila zuwa Ostireliya. Ciwon maƙogwaro ya kwantar da shi ana gab da wasan farko a Sidni. Ya tashi daga gadon jinya ya ci 175, wanda ya zama maki mafi yawa da wani ya ci wa Ingila a wasan Tes har zuwa 1903. A 1899 ya zama mutum na farko da ya wuce 3,000 a kaka ɗaya, da 3,159, ya kuma maimaita a 1900 da 3,065. Ya riƙe kyaftin ɗin Sussex daga 1899 zuwa 1903. Mafi yawan abin da ya ci a zama ɗaya shi ne 285, a Taunton a 1901, bayan ya kwana yana kamun kifi.

Bashi da jira

Abin da masu tafi ba su sani ba shi ne mutumin yana ninƙaya cikin bashi. Kurket ɗin Ingila a lokacin aji biyu ce: akwai ƴan gata da suke wasa ba albashi, akwai ƴan ƙwadago da ake biya, kowane aji da ɗakin sa kayansa, a wasu filaye har da ƙofar shigarsa. Ranji yana cikin ƴan gata, don haka wasan ba ya kawo masa albashi, kuma sunan Yarima yana buƙatar rayuwar yarima. Teloli, masu otal, masu sayar da kayan ado, duk sun ba shi bashi bisa zaton cewa gobe zai zama sarki. Shi ma da wannan zaton yake ci.

Vibhaji ya rasu a 1895, aka tabbatar da Jaswantsinhji, Bature yana riƙe masa mulki saboda ƙuruciya. A 1898, a hanyarsa ta dawowa daga Ostireliya, Ranji ya sauka Indiya karo na farko cikin shekara goma, ya shiga zagaya fadodin sarakuna yana neman goyon baya. Pratap Singh na Jodhpur ya tsaya masa, sarkin Patiala ma ya taimaka masa da kuɗi. Ya rubuta ƙorafi zuwa ga hukumomin Ingilishi, har maganar ta kai majalisar dokoki a Landan. Ba a sauya komai ba. A 1903 aka miƙa wa Jaswantsinhji cikakken iko, Ranji ko gayyata bai samu ba.

Damuwar ta nuna a fili. A wasannin 1902 da Ostireliya maki 19 kacal ya haɗa a zagaye huɗu, aka ajiye shi, bai sake buga wa Ingila ba. Jimillar abin da ya yi mata wasa 15 ne, da maki 989.

Sai ga shi ranar 14 ga Agusta 1906 Jaswantsinhji ya rasu yana ɗan shekara 24, bayan zazzaɓi na kwana kaɗan, bai bar ɗa ba. A fadar da aka saba jin labarin guba, mutuwar matashi mai lafiya ba ta wucewa ba surutu, kuma wani marubucin tarihin Ranji ya sake tayar da zancen shekaru da yawa bayan haka. Ba a taɓa kawo hujjar da ta ɗora masa laifi ba. Masu neman gado sun fito, har da Lakhuba, jikan Vibhaji ta wajen ɗan da aka tsige, wanda ta fuskar jini ya fi shi kusa. Amma a wannan karon Ranji ba yaron ƙauye ba ne mai shekara 12. Duk wani jami'in Ingilishi a Indiya ya san sunansa, da yawansu sun taɓa biyan kuɗi don su kalle shi. Aka zaɓe shi. Ranar 11 ga Maris 1907 aka naɗa shi Jam Sahib na Nawanagar, shekara 22 da ƴan watanni bayan an ture shi.

Sarautar ba ta zo masa da sauƙi ba. Ya tarar da Jamnagar, babban birnin masarautar, cikin ƙazanta da annoba, baitulmali ba abin kirki. Bai yi wata shida ba zazzaɓin taifot ya kusa kashe shi. Ya tafi Ingila jinya, ya kama hayar katafaren gida a karkarar Sussex, ya shiga shirya liyafa, ya koma buga wa ƙungiyarsa a kakar 1908. Masu binsa bashi suka ga dama ta samu, suka yi ca. Wasu ya biya su, wasu ya ja su, ya kuma fake da cewa sarki mai ci ba ya gurfana gaban kotun Ingila. Wannan ɓangare na rayuwarsa ba ya cikin littattafan yabon da aka rubuta a kansa yana raye, kuma ba abin ado ba ne: ƙananan ƴan kasuwa ne da yawansu, waɗanda suka yarda da shi lokacin da ba shi da komai.

A gida ya yi aiki, ba a musu. Ya rushe unguwannin cunkoso na Jamnagar ya fitar da manyan tituna, ya shimfiɗa layin dogo da hanyoyi, ya gyara tashar jiragen ruwa ta Bedi har ta soma janye ciniki daga Bombai, abin da ya haɗa shi dogon rikicin kwastan da gwamnatin Indiya. Amma kuɗin talakawan Nawanagar, manoma a ƙasar da ruwan sama ba ya da tabbas, su ne kuma suka sayi duwatsun alfarma da ya tara, waɗanda kamfanin Cartier ya ɗaura masa, su ne suka saya masa gida a Staines kusa da Landan, da wani gidan sarauta a Ballynahinch, a yammacin Ailan, inda yake zuwa kamun kifi tun daga 1924. Jami'an Ingilishi da kansu sun sha yin gunaguni kan yawan zamansa a Turai.

Da aka fara yaƙin duniya na farko a 1914, yana cikin sarakunan da suka riga kowa miƙa kai. Ya aika da sojoji da dawaki, ya ba da gidansa na Staines aka mai da shi asibiti, shi kansa ya tafi Faransa da muƙamin girmamawa a soja. Ba a bar shi ya kusanci fagen daga ba, sanyi da ciwon asma kuma suka mai da shi Ingila. A ƙarshen Agusta na 1915, a wajen farautar tsuntsaye a Yorkshire, harbin wani abokin farauta ya same shi a idon dama. Likitoci suka cire idon. Bai taɓa bayyana wa duniya sunan wanda ya yi harbin ba. A 1920, yana da shekara 47, da ido ɗaya da ƙiba, ya gwada komawa fili. Wasa uku ya buga wa Sussex, ya haɗa maki 39, ya ajiye sanda. Lissafin rayuwarsa a manyan wasanni ya tsaya a maki 24,692, da ɗari sau 72.

Sauran shekarunsa na siyasa ne. Indiya, duk da tana ƙarƙashin mulkin mallaka, tana da kujera a ƙungiyar ƙasashen duniya ta SDN, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada. Ranji ya wakilce ta a Jeneba a 1920, 1922 da 1923, tsohon abokin wasansa Fry yana rubuta masa jawabai. A Indiya kuwa ya zama jigo a majalisar sarakuna, har ya shugabance ta. A lokacin Gandhi da jam'iyyar Congress sun girgiza ƙasa, Ingilishi suna shirin haɗa lardunansu da masarautu cikin tarayya guda. Ranji ya hango cewa a irin wannan tarayya sarakuna za su narke, ya tsaya kai da fata yana adawa. A hasashen bai yi kuskure ba, sai dai waɗanda ya yi wa biyayya duk rayuwarsa sun riga sun wuce wurin. A zaman majalisar na watan Maris 1933, a Delhi, yana cikin jawabi wakilin Sarkin Ingila, Lord Willingdon, ya katse shi a gaban sauran sarakuna. Ya koma Jamnagar, ranar 2 ga Afrilu zuciyarsa ta tsaya. Shekararsa 60. An ƙone gawarsa bisa al'adar Hindu, aka zuba tokar a kogin Ganga.

Bai yi aure ba, ko da yake ya daɗe da shaƙuwa da Edith, ƴar limamin da ya sauke shi a Kambirij. Ƴaƴan ƴan uwansa ya riƙe. Ɗaya daga cikinsu, Duleepsinhji, ya gaji hannunsa a wasa, kuma da masu shirya kurket a Indiya suka so ya buga musu, kawun bai goyi baya ba, don a ganinsa shi da yaron ƴan wasan Ingila ne. Duleepsinhji ya buga wa Ingila, ya ci 173 a kan Ostireliya a 1930, a filin Lord's ɗin da aka hana kawunsa buga wa Ingila a 1896, Ranji yana zaune cikin ƴan kallo. Da Indiya ta buga wasanta na Tes na farko a 1932, a wannan filin dai, babu ɗan gidan Nawanagar a cikin ƙungiyar.

Wannan ne ya sa har yau marubutan Indiya ba su daidaita a kansa ba. Wasu suna ganin shi ne ya fara nuna wa Bature, a wasan Bature, a gaban jama'ar Bature, cewa ɗan mulkin mallaka zai iya fin sa, kuma yaran Bombai da Kalkata da suka karanta labarinsa a jarida sun ɗauki sanda saboda shi. Wasu suna tuna cewa bai ba kurket ɗin ƙasarsa lokacinsa ba, bai ba ta kuɗinsa ba. Shekara ɗaya bayan mutuwarsa, hukumar kurket ta Indiya ta kafa gasar larduna, sarkin Patiala Bhupinder Singh ya ba da kofin zinariya, aka sa wa gasar sunan Ranji. Bombai ce ta ci ta farko.

Gadon Nawanagar ya koma hannun wani ɗan ɗan'uwansa, Digvijaysinhji, wanda a 1942 ya buɗe sansani a Balachadi ya karɓi ɗaruruwan yaran Poland da yaƙi ya raba da iyayensu. Shi ne kuma ya sa hannu masarautar ta shiga Indiya mai ƴanci, a 1948 aka haɗe ta da maƙwabtanta cikin jihar Saurashtra.